Uku Cikin Goma

Takardar ta iso Garwa ran wata Talata,
aka manna ta a ƙofar gidan gurzar auduga,
da Faransanci, hatimi biyu, sa hannun da ba ya karantuwa.
Mai gadi ya fassara wa 'yan teburin shayi:
in za a ɗauki goma, uku su zama mata.
Wani ya ce duniya ta zo ƙarshe.
Wani ya ce a ƙara masa sukari.

Ni ce Jaratu, ta bayan masallacin Yelwa.
Shekara goma sha ɗaya ina naɗin wayar injin ban-ruwa
a ɗakin baya na shagon Baba.
Manoman albasa su zo daga Pitowa,
su ji injinsu ya tashi da murya garau,
su ce, Malam Ɗanjika, Allah ya bar mana hannun nan.
Baba ya amsa, yana ɓoye hannunsa mai rawa cikin riga.
Ni ma amin nake cewa bayan labule,
ina ƙwaƙule tagulla daga ƙarƙashin farce.

Ran gwaji mu arba'in da biyu ne a gindin darbejiya.
Aka ajiye mataccen inji, aka ce a tashe shi.
Na tashe shi.
Hamajoda ma ya tashe shi,
shi da uwarsa ta yi mini kitson sallah har sau bakwai.
Wa ya riga wani?
Agogon yana hannun Musye Taiwe,
bai nuna wa kowa fuskarsa ba.
Da sunaye suka fito, nawa ne na goma.
Nasa, mun duba har bayan takardar.

A wurin aiki ba a wahalar da baki wajen kiran Jaratu.
Uku-cikin-goma, miƙo sifana.
Uku-cikin-goma, kada wuta ta ja miki lalle.
Takalmin da suka ba ni na ƙato ne,
na cusa masa audugarsu ya zauna.
Ni da Maiwore da Asta mabuɗi ɗaya gare mu
na bayan gidan da dokar ta manta ta gina,
har aka ware mana na baƙi.

Hamajoda yana haya da mashin yanzu.
Ran da na makara, shi na tarar a bakin hanya.
Dala arba'in, ya ce, bai dube ni ba.
Muna tafe ina jin ciwon mashin ɗin a ƙashin bayana,
wutarsa na yankewa duk in ya hau tudu.
Na san maganin.
Na haɗiye, na biya, na sauka.

Sai daren nan na tsakiyar bazara,
Binuwai ta janye har yara na ƙwallo a cikinta,
babban injin ya ƙone, motocin auduga jere har gada.
Kwana biyu ban ga katifa ba.
Da asubar na uku ya yi tari, ya kama.
Musye Taiwe ya tafa, ya juya ga manya:
kun gani, dokar nan ta yi rana.

Dā Baba ake gode wa.
Yau takarda.

Ba na raina ta.
Ƙofar da aka kulle tun kafin a yanke mini cibiya
ba sallama ce za ta buɗe ta ba.
Amma wanda ya ɗora ka a jaki
har abada gani yake ba ka da ƙafa,
kuma ni har gobe ina son ganin agogon nan.

Jiya bayan isha aka tura mashin har ƙofar shago.
Baba ya yunƙura zai tashi.
Muryar ta ce, zauna, Malam,
Jaratu nake nema.
Bai gaishe ni ba. Ya tambayi nawa ne.
Na faɗa masa, ban rage ko dala ba,
na ce ya riƙe mini fitila.